Serenity Ba Shi Ne Farkon Labarin Ba

A majalisun 'yan kallo a Kano, wasu kan ce fim ɗin Serenity na 2005 ba shi da kai, jarumai tara sun faɗo ba gabatarwa. Ai ci gaba ne. Tushensa shirin talabijin ne mai suna Firefly, na 2002, kashi 14, wanda tashar Fox ta Amurka ta dakatar bayan ta nuna 11 kacal.

Ga inda ake rikicewa: kashin farko na shirin shi ma sunansa Serenity. In ka je kasuwar wayoyi ta Farm Centre a tura maka Serenity, duba tsawonsa. Kashin farko wajen awa ɗaya da rabi ne, fim ɗin kuwa ya kusa awa biyu. Gama 14 ɗin tukuna, don fim ɗin yana kashe biyu daga cikin jaruman.