Fitar dare a ƙasar waje: hani kaɗai ba ya tsare ɗalibi

Nasihar da iyaye a Zariya ke yi wa yaron da zai tafi karatu waje ba ta cika wuce "kada ka fita da dare" ba. A ganina ba ta isa ba. Wanda ya saba da majalisa a Tudun Wada, ko teburin mai shayi a Samaru har ƙarfe sha ɗaya, ba zai kulle kansa a ɗaki shekara uku ba. Balle a Ingila, inda ake shiga aji ranar Sallah, babu Hawan Daushe, babu yawon gaida dangi. Kaɗaici zai fito da shi, don haka gara ya fita da sani.

Wuraren hira na halal ba su yi wuya ba. A Kuala Lumpur, shagunan mamak na Indiyawa Musulmi da yawa suna kwana a buɗe, shayi ne da kallon ƙwallo.

Abin da ya fi jefa baƙo cikin masifa shi ne kayan wani. A dokar miyagun ƙwayoyi ta Malesiya ta 1952, wanda aka kama da giram 200 na wiwi dillali ne har sai ya wanke kansa. An cire wajabcin hukuncin kisa kan dillali a 2023, amma alƙali na da ikon yanke shi. Idan abokin da aka haɗu da shi a fati ya ce "riƙe min jakar nan, ina zuwa", amsar ita ce a'a, ko ɗan unguwarku ne. Haka tiramadol da kodin: shiga Dubai da su babu takardar likita da izinin hukuma laifi ne.

A Istanbul kuwa, wajen dandalin Taksim, wani zai tare ka da fara'a, ya ja ka mashayar da ya sani, a kawo lissafin da ya fi ƙarfinka, ƙarti su tsare ƙofa. Kai za ka zaɓi wurin zama, ka ga farashi kafin ka taɓa kofi.

Ko walimar gida tana da ƙa'ida. A Jamus, daga ƙarfe 10 na dare maƙwabci na iya kiran 'yan sanda saboda hayaniya, kuma yawan ƙorafi kan sa mai gida ya ba da notis. A sanar da maƙwabta tun da wuri, a rage sauti kan lokaci. Kafin fita kuma a duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe, a ware kuɗin tasi daban, a haddace lambar gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Ingila da Malesiya.