Ƙanena ya gyara motar, sai ta lalace

Motata ba ta yi min laifin komai ba. Ƙalau take tafiya, ni ne dai na ga wani bututun iska mai ƙyalli, na ce dole ya shiga ƙarƙashin bonet ɗina. Na masana'anta faɗinsa milimita 70, wannan kuwa 76. Na cire sensar iska daga tsohon na ɗaura a sabon, na tayar, sai na ji wani sabon sauti, "sssss", yana fita daga inji. Na ce wa ƙanena, "Ka ji ƙarfi ko? Numfashi take yi yanzu."

Ba a jima ba 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama. Na durƙusa na laluɓo kafar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, mai ramuka 16, na jona waya da kwamfuta. Ta ce P0171. Wato iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan.

Abin da ke faruwa ba shi da wuya. A cikin sensar nan da ake kira MAF akwai 'yar siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki. Iska tana wucewa tana sanyaya ta, ita kuma ƙwaƙwalwar mota tana duba yawan wutar da ake buƙata kafin wayar ta ci gaba da zama da zafinta, sai ta leƙa wani jadawali ta ce iska giram kaza ke shiga a daƙiƙa. Daga nan take auna fetur, giram 1 ga kowane giram 14.7 na iska. To amma wayar ba ta ganin bututun duka, iskar da ta goge ta kawai ta sani. Idan ka faɗaɗa bututu, iskar za ta rage gudu, sensa ta kai rahoton ƙarya, nozul su yi rowar mai. Na buga lissafi: daga 70 zuwa 76, bakin bututu ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Na ninka jadawalin gaba ɗaya da 1.18, na tura wa ƙwaƙwalwar, ina jin kaina kamar wanda ya ƙera motar.

Sai gwaji. Ƙanena ya zauna gefe da kwamfuta a cinya, aikinsa ya riƙa karanto min lambobin ciko. Akwai wata sensa a jikin salansa mai shinshinar iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, ita ke tona asirin ta gaba. In ta ce mai bai isa ba, ƙwaƙwalwa ta ƙara, lambar ta hau. In ya yi yawa, ta rage, lambar ta faɗi ƙasa da sifili. Burin kowa ya ga lambar tana yawo kusa da sifili.

"Yaya, biyu. Uku. Ɗaya."

Na gyara zama. Muka iso danja, na taka birki, inji ya koma silo.

"Yaya, 15. Yaya, 22. Yaya, hawa take yi fa."

"Ka riƙe kwamfutar da kyau, girgiza ce."

"Yaya, 25."

Na bayanmu ya danna oda, na taka totur, lambar ta sauko kamar ba ita ba. Duk wanda ya san aikin zai gaya maka cewa cikon da ke hawa a silo ya sauka in an ba da wuta yana da ma'ana sananniya, har ma na taɓa karanta ta. Amma mutumin da ke riƙe da jadawali mai gidaje da yawa, kuma kowane gida yana karɓar duk lambar da aka rubuta masa ba musu, ba zai tashi ya je yana laluben tiyo ba. Wannan aikin masu baƙin hannu ne.

Na koma kan gidajen ƙasa na jadawalin, inda iska ba ta wuce giram biyu zuwa biyar a daƙiƙa. Na ƙara musu. Na tura, na gwada, na sake ƙarawa. Kowace turawa sai na kashe fanka da rediyo na hana kowa taɓa ƙofa, domin in batir ya yi rauni ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa murus. Layin jadawalin da ya kamata ya tashi sumul ya fito da wani ƙusumbi a ƙasansa, sai na shafa gidajen maƙwabta don kada ƙusumbin ya zauna shi kaɗai. Fayilolin kuwa suka taru: "gyara", "gyara na ƙarshe", "na ƙarshen gaske", "wannan ne wallahi". Na ainihin da motar ta zo da shi yana cikinsu, ko kuma ɗaya daga cikinsu ya hau kansa. A ƙarshe dai lambar ta kwanta a kan biyu, a silo da a gudu. Fitila ta mutu. Na fara ba mutane shawara.

Wata safiya na murza makulli, motar ta yi tari, ta yi rawa, ta tashi da ƙyar. Warin ɗanyen fetur ya cika wurin, salansa na tofar da baƙin hayaƙi. Inji mai sanyi ba ya sauraron sensar salansa sai ta yi zafi, don haka abin da na rubuta a jadawali shi aka zuba, ba ragi. Da ta ɗumama, lambar ciko ta gangara ƙasa da sifili har 20, kafin a jima fitila ta dawo da sabon saƙo, P0172, mai ya yi yawa. Na cire filogi ɗaya, kansa baƙi ƙirin, toka har tana goguwa a yatsa.

Sai ga ƙanena yana murmushi.

"Yaya, ka lura shiru ta yi? Jiya da zan zuba ruwan waifa na ga wani ɗan tiyo yana reto a bayan totur, na mayar da shi mazauninsa. Shi ne ke wannan sssss ɗin."

Na leƙa. Tiyo ne bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, da alama ya zame tun ranar da ake kokawar sa bututu. Ta nan inji ke zuƙar iskar da ba ta bi ta gaban sensa ba, kuma a silo ne ya fi zuƙa, saboda totur a rufe yake. Duk ƙusumbin da na gina, don wannan ramin na gina shi, kuma ya dace da shi cif.

Na ce, "Wa ya aike ka?"

"Ai na ɗauka gyara na yi."

"Mota da aka saita da kimiyya, ka zo ka sa mata hannu?"

Na buɗe kwamfuta ina neman fayil ɗin da ya gabaci ƙusumbi. Na buɗe "gyara na ƙarshe", akwai ƙusumbi. Na buɗe "gyara", akwai ƙusumbi ƙarami. Lokacin fita aiki kuma ya ƙure. Na miƙa hannu na fizge tiyon, inji ya ce "sssss", ya daidaita, lamba ta kama hanyar sifili.

Ƙanena ya daɗe yana kallon tiyon yana lilo.

"Yaya, haka za ka tafi da ita?"

"Rufe bonet. Kuma daga yau ni zan riƙa zuba ruwan waifa."