Alhaji da Layar Waya

A rumfar Gyarau mai gyaran waya, babbar kasuwar Garwa, ana tsakiyar zafin Afrilu. Alhaji Tumbi ya iso yana haki, wayarsa naɗe cikin takardar gwangwani. Jauro na zaune a benci yana jiran cajinsa ya cika.

GYARAU: Barka da zuwa, Alhaji. Tsire ka kawo mana?

ALHAJI: Wane tsire! Wayata ce. An ce iskar da take fitarwa tana dafa ƙwaƙwalwa. Har laya na saya mata sefa 2,000, ga ta manne a baya.

GYARAU: Shi ya sa batirinta ke ƙarewa kafin azahar. Ranka ya daɗe, idan ka toshe wa waya hanya, ƙara ƙarfi take yi don ta kai ga eriya. Kamar mai kiran ɗan kwalekwale daga wancan gaɓar Binuwai ne, in ba a ji shi ba sai ya ƙara ihu.

JAURO: Aradu, to mu a ruga da sanda ɗaya muke gani a fuskar waya fa?

GYARAU: Taku ta fi tasa ihu, Jauro. Amma akwai iyaka. A Turai, ƙarfin iskar wayar da kan mutum zai sha kada ya wuce wat 2 a kowane kilo. Amurka ta ce 1.6. Duba kwalin waya, in ka ga DAS ko SAR, shi ne wannan awon.

ALHAJI: A kowane kilo ka ce? Alhamdulillahi! Ni kilo 120 ne, ina da wat 240 ke nan. Jauro, kai da ba ka kai buhun siminti ba, ka daina waya tun wuri.

JAURO: To in jingina ta da bijimina in yi magana, shi ya sha.

GYARAU: Ba haka ake lissafi ba, Alhaji. Giram 10 na naman da ke daf da waya ake aunawa a Turai, a Amurka kuma giram 1. Tumbinka bai shiga ciki ba.

ALHAJI: To me ya sa Faransa ta hana sayar da iPhone 12?

GYARAU: An yi haka a 2023. Sun auna ta a riƙe a hannu, ta ba da 5.74, alhali iyakar hannu da ƙafa 4 ce. Kamfanin ya gyara manhaja, aka janye hanin.

ALHAJI: Ciwon daji fa?

GYARAU: A 2011 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iskar a rukunin "mai yiwuwa". Babban nazarin da hukumar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa da dajin ƙwaƙwalwa ba. In dai hankalinka bai kwanta ba, nisanta ta da kunne, ka buɗe sifika. Wannan kyauta ne.

Sai wayar ta ɗauki ruri. Alhaji ya warware takardar, ya miƙe hannu iya tsawonsa, ya danna sifika yana taƙama.

MURYA: Alhaji! Mai hatsi ne. Kuɗin buhu uku na tun kafin azumi, yau ko gobe?

Alhaji ya yi wuf ya kashe sifika, ya manna wayar a kunne har da tallabewa da hannu biyu.

JAURO: Alhaji, ƙwaƙwalwa! Za ta dahu!

ALHAJI: Bar ta ta dahu!