Hawayen da ba ya kaiwa bakin ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku ɗan tsaya ku karanta wannan don Allah, abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar ya ƙi wucewa.

Ƙawarmu ce ta yi bikin zagayowar ranar haihuwarta. Tun azahar muka taru a gidanta muna jiran mai kwalliya, wadda ta ce ga ta nan a hanya alhali ko wanka ba ta yi ba, kun dai san hali. Don rage zaman jira sai ƙanwar mijinta ta kunna mana wani fim a kan mutanen Biyetnam da suka tsere daga ƙasarsu ta teku bayan yaƙi. Kafin a kai rabi falo ya yi tsit. Masu danna waya sun ajiye. Wata kwallinta har haɓa, wata sai salati take yi, wata ta tashi ta shige ɗaki ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Kuma abin da aka nuna ba tatsuniya ba ne. Ranar 30 ga Afrilun 1975 Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, ya faɗa hannun dakarun Biyetnam ta Arewa, yaƙi ya ƙare, amma wahalar wasu a ranar ta fara. Aka kwashi tsofaffin sojoji da ma'aikatan gwamnatin Kudu aka kai sansanonin da aka ce na gyaran tunani ne, wasu suka yi shekaru a can. Aka karɓe shagunan 'yan kasuwa. Sai mutane suka riƙa sayar da ɗan zinaren da suka ɓoye don a ba su wurin tsugunawa a jirgin kamun kifi, a fita cikin dare, jirgin da aka yi don mutum goma a cusa masa fiye da ɗari. Ruwan sha ya ƙare, inji ya mutu a tsakiyar teku, 'yan fashin teku a gaɓar Tailan su tare su, su ƙwace abin da ya rage, su tafi da mata da 'yan mata. Kimanin mutum 800,000 ne suka kai gaci da rai tsakanin 1975 da 1995. Waɗanda teku ta ci kuwa, ƙiyasi ya nuna dubu ɗaruruwa ne, ba kabari, ba wanda ya yi musu sutura.

Waɗanda suka tsira ma ba hannu biyu aka karɓe su ba. A watan Nuwamban 1978 wani jirgi mai suna Hai Hong ya iso gaɓar Malesiya da mutum kusan 2,500, aka hana su sauka, suka yi makonni a cikinsa cikin zafi da cuta. Har ta kai wasu in sun hango tudu sai su fasa jirginsu da hannunsu, don kada a ja su a mayar da su teku. A tsibirin Bidong na Malesiya, ɗan wurin da aka tanada don mutum 4,500, a tsakiyar 1979 mutum wajen 40,000 ne a cushe.

Muka yi kuka, muka ce Allah sarki, muka ce duniya ba tausayi. Wata har tana tsine wa waɗanda suka hana jirgin nan tsayawa, tana cewa wane irin mutum ne zai ga uwa da jariri a bakin ƙofarsa ya kore su.

Sai mai kwalliya ta iso.

Ba maganar halascin bikin ranar haihuwa na zo yi ba, wannan na bar wa malamai, kada a cika mini wuri da gardamar da ba ita na tayar ba. Ƙawata mutuniyar kirki ce, Allah ya ƙara mata shekaru masu albarka. An ci, an sha, an yanka kek mai hawa-hawa, an yi liƙi, an yi hotuna. Shinkafa ta yi saura a kuloli, kaji an gutsura an ajiye, lemo an buɗe an kurɓa an bari a ƙarƙashin kujera. Da magariba ta wuce muka fito, ga mata a bakin get, da yara riƙe da gefen hijabansu, da 'yan robobi a hannu. Daga harshensu ka san ba 'yan unguwar ba ne, mutanen ƙauyukan nan ne da 'yan bindiga suka tasa. Mai gadi yana ta daka musu tsawa su matsa motoci za su fita. Kuma bakin da ɗazu ya tsine wa masu korar jirgi, shi ne ya ce, “Kai, mutanen nan da naci suke, ko'ina aka yi taro sai sun zo.”

Haba 'yar uwa! Awa nawa tsakani?

Wannan ita ce cutar da nake so mu duba, don ta zama ruwan dare a cikinmu. Tausayinmu ya koma abin nishaɗi. Muna son labarin da zai sa mu kuka, mu ji zuciya ta yi laushi, mu ɗauka laushin nan shi ne imani, shi ke nan mun sauke nauyi. Ɗan gudun hijirar da ke cikin talabijin yana da daɗin tausayawa: ba ya wari, ba ya roƙo, ba ya dawowa gobe, in ya ishe ka sai ka kashe. Na bakin ƙofa kuwa sai an buɗe jaka, sai an buɗe tukunya, wani lokaci sai an buɗe ɗaki. A nan ake gane wane irin kuka aka yi.

Bari in ba ku labarin waɗanda suka ga abin da muka gani, su kuwa a lokacin da yake faruwa. Wani ɗan jarida Bajamushe, Rupert Neudeck, ya ga hotunan jiragen nan a 1979. Shi ba attajiri ba, ba shugaban ƙasa ba. Shi da matarsa da abokansu suka nemi gudummawar jama'a, suka yi hayar jirgin dakon kaya mai suna Cap Anamur, aka tura shi tekun yana tsamo mutane. Fiye da mutum 10,000 aka ceto ta wannan hanya. A Kanada, talakawa ne suka riƙa haɗuwa biyar-biyar, ko 'yan coci ɗaya, su ce a ba mu iyali guda, gidansu da cinsu na shekara a wuyanmu. Tsakanin 1979 da 1980 ƙasar ta karɓi mutum kusan 60,000 daga yankin, fiye da rabinsu a hannun irin waɗannan mutane. Ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, ba su taɓa ganin juna ba.

Mu fa? Mu da kalandarmu ma daga hijira take farawa? Mu da muka san sahabbai sun hau jirgin ruwa sun tsallaka Bahar Maliya zuwa Habasha, Najjashi ya ba su mafaka ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa? Mu da tun muna Islamiyya ake ba mu labarin Ansar, yadda mutum zai raba gidansa da gonarsa da baƙon da ya zo ba komai a hannu? Mun haddace labarin, muna ba yara, muna jin daɗinsa. Shi ma mun mayar da shi fim.

Kuma ba sai mun je Bidong ba. Sansanin Minawao a Kamaru cike yake da mutanen Borno tun 2013, akwai yaran da a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Ga Diffa. Ga mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka tsallaka Maraɗi. Ga 'yan Sudan da suka kwarara garin Adre na Chadi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ga waɗanda ba sa cikin kowane lissafi, suna kwana a kangon da ke bayan layinku, kina wuce su kullum in za ki kai yara makaranta, gilashin mota a rufe. Matar nan da kike gani da roba, wataƙila bara war haka tana da rumbu cike da gero, da awaki, da baƙin da take saukewa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ba wayonki ne ya bar ki a gidanki ba.

Muna ɗora hoton yaron da ya rame mu rubuta “Allah ka kawo musu ɗauki”, mu koma kallon atamfar anko. Muna tura bidiyon ƙauyen da aka ƙone zuwa zaure goma, ba mu tura ko kwanon masara ba. Muna ɗaukar 'yar gudun hijira aikin gida don mun san ba ta da bakin neman ƙarin albashi. Mai gida yana jin mutum daga yankin da ake rikici ya fito sai ya ce ɗakin an riga an kama. Mu yi walima mu gayyaci waɗanda suka ƙoshi, alhali mun san abin da hadisi ya ce game da abincin walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Mun sani sarai. Sani bai taɓa yi mana ƙaranci ba.

Ban ce kar ki yi murna ba, ƙawata. Allah ya ba ki shekara, ki gode masa, ki tara 'yan uwa, ki yi dariya. Amma tun wajen auna shinkafa ki ware tiyar waɗanda ba za su samu katin gayyata ba. A zuba musu tun farko, da zafinsa, da namansa, ba ragowar da aka kwashe daga faranti ba. Ki gaya wa mai gadi ya sassauta murya. Ke kuma mai zuwa biki, cikin kuɗin da kika canzo sababbi don liƙi, ki rage wani abu a jaka.

Don girman Allah mu daina yaudarar kanmu da hawaye. Don Allah, 'yan uwa. Ku tambayi mai unguwa ko limamin masallacinku, sun san inda mutanen nan suke kwana, sun san wadda ta haihu ba zanin goyo, sun san yaron da aka cire daga makaranta. Ku zaɓi gida ɗaya ku riƙe. Yau ɗin nan, kafin ku kwanta, ku kira liman.