Yadda Aka Naɗa Ni Daula a Jidda da Riyal 120

Riyal 300 ne jarina gaba ɗaya ranar da na gama kwas ɗin rakiyar masu naƙuda, aikin da ake kira dula. Na sayi ƙatuwar ƙwallon roba mai faɗin santimita 65 a kan riyal 70, wadda mai ciki ke zama a kai tana juya ƙugu. Riyal 50 suka tafi a jakar ruwan zafi, man zaitun, dabino, da tsinken shan ruwa mai lanƙwasa, don mai naƙuda ba ta da sukunin kafa kai a kofi. Na ajiye 60 na mota, sauran 120 na ce na katin talla ne.

Dula ba ungozoma ba ce. Ba ta auna jini, ba ta sa hannu ta duba buɗewar mahaifa, ba ta ba da magani ko na sha ko na shafawa, ba ta karɓar haihuwa. Waɗannan aikin masu lasisin lafiya ne, kuma a ƙasar nan ba a wasa da wannan iyaka. Namu shi ne zama da mai naƙuda daga farko har ta sauka, a danna mata baya, a tuna mata numfashi, a sauya mata kwanciya, a fassara mata abin da likita ya faɗa idan Larabcin asibiti ya fi ƙarfinta. Da na yi wa Gwaggo wannan bayani, sai ta sauke tabarau ta ce, "Wato kuɗi kika biya aka koya miki zama kusa da mai naƙuda? Mu da muka yi shekara arba'in muna yi don Allah, ina takardarmu?"

Na je wani shagon buga takardu a wajen Bab Sharif da rubutuna a takarda, da Larabci, don nan kowa shi yake karantawa. Layin farko dula: dal, wau, lam, alif. Layi na biyu murafaƙa, wato rakiya. Na uku "tare da ke daga farko har ƙarshe, dare da rana", sai lambar waya. Na so a sa hoton mai ciki, yaron shagon ya ce mai launi sai an ƙara 40, na ce a bar shi. Ya ce kati 100 riyal 60 ne, 500 kuma 120. Lissafin kasuwa ya ruɗe ni, na ce a buga 500.

Ashe yaron ya dubi rubutuna ya yanke hukuncin cewa baƙuwa ce ba ta iya harafi ba. Ya taimake ni, ya cire alif ɗin ƙarshe ya sa ta kuri. Dula ta koma daula, wato gwamnati. Murafaƙa kuwa, duk mai igama, wato takardar izinin zama, ya san murafiƙi shi ne iyalin da ke ƙarƙashin takardarsa, waɗanda ake biya wa kuɗi. Larabci kuma idan babu wasali, "tare da ke" da "tare da kai" rubutunsu ɗaya ne. Babu hoton ciki, babu kalmar haihuwa ko ɗaya. Ni ko dubawa ban yi ba, ƙamshin sabon kati ya ɗauke mini hankali, na raba kusan 200 cikin kwana biyu daga Karantina har Sabil.

Ƙarfe sha ɗaya na dare wayar farko ta shigo. Na miƙe zumbur, na rarumo jaka, ƙwallon ta gangara ta buge butar Gwaggo. Muryar namiji ce. Na ce, "Tun yaushe abin ya fara?" Ya ce wata huɗu ke nan. Na ce wata huɗu ai da saura, kada ya damu. Ya ce ina saura, tarar kuɗi ta hau kansa, kafili kuma, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, ya daina ɗaga waya. Mun yi minti biyar ina maganar ciki yana maganar igama kafin ɗayanmu ya farga. A makon nan na amsa kira goma sha bakwai. Masu neman sauya kafili, mai son a shigo masa da uwa, da wata da ta tambaya a hankali ko gaskiya ne mun fara zagaye gida-gida. Wata mai ƙosai da na miƙa wa kati a bakin lungu ta karanta layin farko kawai, ta kashe wuta ta ce yau ba ta soya ba, mai kawai take ɗumamawa.

Duk mai zuwa buga kati ta nemi a fitar mata da guda ɗaya tukuna. Ta ba mutum biyu su karanta da ƙarfi, ɗayansu wadda ba ta san aikin ba, sannan ta tambaye ta, "Me mai katin nan take yi?" Idan amsar babu haihuwa a ciki, a sake. Kuma 100 sun isa shekara.

Da kati ya ƙi, na ce bari in nemi masu cikin da idona. Nan na haɗu da matsala biyu da babu su a littafin kwas. Bahaushiya ba ta shelar ciki, musamman na fari, sai ya fito ya yi shelar kansa. Ga kuma abaya, wadda ke daidaita mai wata takwas da wadda ta ƙoshi da kabsa. A wani taron suna na hango wata Hajiya tana tafiya tana dafe ƙugu, na bi ta har tabarma, na durƙusa na gaishe ta, na ce Allah ya sauke lafiya, wata nawa ne? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce autanta yana sakandare, ƙugun kuma sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne. Matan da ke gefe suka yi shiru irin wanda ya fi dariya ciwo. Ban tsaya cin shinkafa ba.

Tela ce ta cece ni. Na kai mata ɗinki ina ba ta labari, ta yi dariya har allura ta faɗi daga bakinta, ta ce, "Ke, masu cikin unguwar nan duk a littafina suke. Wa ke buɗa musu riga?" Sai na gane inda labarin yake. Tela ta sani tun wata huɗu. Mai kitso ta sani ranar da ƙamshin man kitso ya fara tayar wa mutum zuciya. Mai sayar da kanwa, yaji da garin kunu ta sani a wata takwas, lokacin da uwa ta fara tara kayan jego. Mai lalle ita ce ta ƙarshe.

Kada a ce su ba da suna ko lamba, wannan cin amana ne, kuma ranar da aka gane, kasuwarsu da taki duk sun mutu. Abin da nake ba su saƙon murya ne na WhatsApp, su tura wa wadda suka ga ya dace, ita ta kira idan ta so. Tsawonsa bai kai minti ɗaya ba, guda da Hausa guda da Larabci, don 'yan matan da aka haifa a nan Larabci ya fi musu sauƙi, iyayensu kuma sun fi yarda da abin da suka ji da Hausa. A ciki akwai abin da nake yi, abin da ba na yi, unguwannin da nake zuwa, da kuɗin. Na farko da na naɗa minti huɗu ne, na fara da tarihin kalmar dula a Girkanci, tela ta ce ita ma ba ta kai ƙarshe ba. Duk wadda ta kawo mini mutum ina kai mata kwalin dabino da hannuna. Kuɗin wannan talla bai kai kwatan na katin ba.

Kira na gaskiya ya zo bayan mako uku, sai dai ba mai cikin ce ke yanke magana ba, uwar mijinta ce. Na je da shirina, har na haddace cewa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda da abokiyar zama wadda ta zaɓa. Tsohuwa ta saurara ta ce, "To. Kin iya kunun kanwa?" Na ce na iya. Ta ce ita ma ta iya, me za a biya ni a kai? Sai na ce, "Inna, juya ki dafa kujera." Na sa tafin hannu biyu a gefen ƙugunta, kan naman da ke ƙasan ƙashin, na matse ciki da sama kamar yadda ake yi idan naƙuda ta taso, na riƙe. Sannan na naɗa zani a ƙugun na ja bakinsa biyu. Ta ce, "Wayyo, nan ne. Kada ki saki." Minti arba'in ina danna tsohuwa, mai cikin tana zaune tana kallonmu tana cin dabinona. Aka ba ni aikin, da sharaɗin duk zuwan da zan yi in fara da Inna.

Sharuɗɗana yanzu a rubuce suke, don na farkon ya koya mini. Ziyara biyu kafin haihuwa, waya a kunne daga mako na 37 zuwa na 42, zama har a sauka da awa ɗaya ko biyu bayan nan sai jariri ya kama nono, da ziyara ɗaya kafin suna. Rabin kuɗi ranar da aka yi magana, rabi bayan haihuwa. Ba na karɓar fiye da biyu a wata, kuma akwai wata abokiyar aiki da ke tsaya mini idan biyun suka taso dare ɗaya. Ana tambayar asibiti tun da wuri mutum nawa suke bari a ɗakin haihuwa, don ba ɗaya suke ba. Idan mutum ɗaya ne kuma uwa ta riga ta ɗaura ɗamara, aikina ya koma gida da farkon naƙuda, sauran a baranda.

Kuɗin motar dare kuwa daban yake. A aikin farko ban ware shi ba, na yi zuwa uku da ƙarfe biyu na dare a kan naƙudar ƙarya, ribar ta ƙare a hanya. Ta ƙarya ba ta da tsari, tana lafawa idan an sha ruwa ko an sauya kwanciya. Ta gaskiya tana matsowa tana ƙara ƙarfi, idan ta kai duk minti biyar, kowace tana ɗaukar minti ɗaya, har tsawon awa guda, an kama hanyar asibiti, wadda ta saba haihuwa ma ba ta jiran hakan. Jini, faya ta fashe, jariri ya rage motsi, ciwon kai mai tsanani ko ido ya yi duhu, waɗannan ba ni ake fara kira ba, asibiti ake tafiya ko a kira motar asibiti a 997.

Sauran katuna 300 ban zubar ba. Bayansu fari ne, sai nake ba kowace mai ciki guda goma ta riƙa rubuta lokacin da ciwo ya taso da lokacin da ya saki. Sunan dai ya bi ni, yaran lungu Anti Daula suke ce mini. Daren jiya ina barandar asibiti waya ta yi ƙara, wani bawan Allah yana tambayar kuɗin ƙara murafiƙi. Na fara ba shi haƙurin da na saba, sai ya ce shi dai yana son ya shirya ne, don maiɗakinsa wata bakwai gare ta. Na ce, "Malam, mahaifiyarka tana kusa? Miƙa mata wayar."