Tsohon tsarin PowerPoint na mayar da zanen mutane gawa

Wallahi abin nan yana ci min rai. Mutum ya kwana yana tsara jawabinsa a PowerPoint, ya jera akwatuna da kibiyoyi, ya daidaita launi, sai masu shirya taro su ce kwamfutar da ke haɗe da majigi tsohuwa ce, a kawo fayil a tsohon tsarin PowerPoint 97-2003, wato .ppt. Yana adanawa a matsayin .ppt, rabin aikin ya lalace.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun 2007 aka koma tsarin .pptx, kuma duk kwalliyar da ta zo daga baya tsohon tsarin bai san ta ba. Abin da bai sani ba kuwa sai a ɗauki hotonsa a liƙa a gurbinsa. Zanen SmartArt, wanda kake iya danna kowane akwati ka sauya rubutun ciki, ya zama hoto guda a tsohuwar manhaja. Ka hango kuskuren harafi ɗaya minti biyar kafin ka hau mumbari? Babu yadda za ka yi. Haka rubutun da aka yi wa inuwa mai laushi ko ƙyalli ko aka karkata shi, haka lissafin da aka rubuta da kayan lissafi na manhajar. Kuma hoton ba ya fita tas: a kan allon majigi gefen haruffa sai ya yi zago-zago, launin da ya kamata ya narke a hankali ya fito layi-layi. Ga fayil ɗin ya kumbura, domin .pptx a matse yake kamar zip, shi kuwa .ppt yana ɗauke da hotunan da aka ƙirƙiro a kan kayan asali.

Ko ba a sauya tsari ba, buɗe sabon fayil a tsohuwar manhaja ma wahala ce. Morph, wato motsin da ke sa abubuwa su sulale daga shafi zuwa na gaba, ya koma dusashewa kawai, siffar 3D da kake juyawa ta kowace fuska ta tsaya cak. Daga 2013 shafi ya koma na allo mai faɗi, wato 16:9. Wanda ya matse shi zuwa 4:3 na tsohon allo da gaggawa zai tarar an yanke gefe ko komai ya ƙanƙance. Salon rubutun da babu shi a waccan kwamfutar kuma a musanya shi da wani ba tare da an tambaye ka ba, layuka su zarce akwatinsu, kanun magana ya hau kan hoto.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne gargaɗin da ke fitowa lokacin adanawa. Yana faɗin abin da zai lalace da lambar shafin, amma cikin dogon bayani, a daidai lokacin da mutum ke sauri, sai ya danna ci gaba. Kada ka danna! Karanta shi, ka rubuta lambobin shafukan.

Kafin komai, ajiye .pptx na asali da suna daban, kada ka taɓa adana tsohon tsari a kansa. Shiga File, Info, Check for Issues, Check Compatibility tun kana tsakiyar aiki, don ka ga abin da zai lalace. SmartArt da kake son ya gyaru, mayar da shi siffofi na yau da kullum, ka cire inuwa da ƙyalli. Yi amfani da Arial ko Times New Roman. Idan nunawa kawai za a yi, PDF ya fi aminci, sai dai ka haƙura da motsi. Sannan ka buɗe fayil ɗin a ainihin kwamfutar da za a yi aiki da ita, domin a taka sabuwar komai lafiya zai nuna maka.

Ku kuma masu shirya taro, ku sanar da nau'in manhajarku da girman allonku tun a takardar gayyata, ba ranar da mutum ya iso da filas a hannu ba.