Waye ke rubuta sunayen da kamarar 'yan sanda ke nema?

Tun da 'yan sandan Landan suka sanar a 2025 cewa za su kafa kamarorin gane fuska na dindindin a Croydon, wata unguwa a kudancin birnin, masu duba fuskar duk wanda ya gifta su gwada da jerin waɗanda ake nema, amsa ɗaya nake ta ji kuma ita ke ƙona min rai. Wai in ba ka yi laifi ba meye na tsoro, ai mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Haba jama'a.

To a je a faɗa wa Robert Williams haka mana. A Janairun 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka suka kama shi a ƙofar gidansa gaban matarsa da 'ya'yansa, ya yi kusan awa 30 a tsare, don kawai manhaja ta ce shi ne wanda ya saci agoguna a wani shago, alhali ba shi ba ne. Baƙar fata ne, kuma tun 2019 binciken NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, ya nuna da yawan manhajojin nan sun fi ruɗewa a fuskar baƙaƙen fata da 'yan Asiya, wasu ma ninki 10 zuwa 100.

Amma a ƙaddara an gyara na'urar ta daina kuskure, ni a nan ne ma tsorona ya fi yawa, domin kamara ba ta san laifi ba, sunan da aka loda mata take nema, kuma wanda ke kan mulki ne ke lodawa, yau ɗan fashi gobe ɗan jarida ko wanda ya fita zanga-zanga. A Mosko wani mai suna Nikolay Glukhin ya yi zanga-zanga shi kaɗai a jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2019, bai taɓa kowa ba, da fuskarsa aka gano shi aka kama, sai a 2023 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce an tauye masa haƙƙi. Wanda ya san za a ɗauki fuskarsa, gobe zai sake fitowa? Masu cewa kamara na rage laifi kuwa, a wuraren ajiye motoci aka fi ganin hakan, a kan duka da kisa tasirinta bai taka kara ya karya ba.

Abin takaici sai an gama kafawa ake tuna doka. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara a Birtaniya ta ce yadda 'yan sandan Kudancin Wales ke amfani da fasahar ya saɓa doka, saboda babu ƙa'ida bayyananniya kan waye za a sa a jerin da kuma inda za a girke kamarar. Ni dai a ganina kada a sa sunan kowa sai da izinin alƙali, hoton wanda ba a nema a goge shi nan take, majalisa kuma ta yi dokar tukuna kafin a sayo ko da kamara ɗaya.